Awon Ciki Sau Takwas: Me Ke Kan Mai Juna Biyu, Me Ke Kan Gidanta?

Matar da ta yi haihuwarta ta fari shekara goma sha da suka wuce ta san awo sau huɗu ne. Yau idan ta je asibiti da sabon ciki za a ce mata sau takwas, a kuma ce ta makara tunda ba ta zo kafin cikin ya cika wata uku ba. Ƙwayar rigakafin zazzaɓi da a da ake sha sau biyu, yanzu kowane wata ce. A wasu asibitocin an fara ba da ƙwayar ƙarin jini guda ɗaya a madadin biyun da aka saba. Ga kuma sanarwar da gwamnatin tarayyar Najeriya ta yi a watan Nuwamban 2024 cewa tiyatar haihuwa ta zama kyauta ga mata marasa galihu, wadda mutane da yawa suka ji a rediyo amma ba su san ta inda ake shiga ba.

Tambayoyin da wannan ya haifar a cikin gidaje ba na wasa ba ne. Maigida yana lissafin kuɗin mota sau takwas. Uwar miji tana cewa ita goma ta haifa a ɗaki ba ta taɓa hawa gadon awo ba. Mai cikin kuwa tana tsakiya, ita ake yi wa faɗa a asibiti, ita ake yi wa gori a gida. Abin da ake yawan mantawa shi ne, ƙa'idar da mai ciki ake karanta wa, amma mafi yawan abin da ke cikinta ba ita ke yanke shi ba. Izinin fita, kuɗi, abin da za a ɗora a tukunya, wanda zai ɗebo ruwa, motar da za a samu da tsakar dare, duk a hannun wasu suke.

Daga huɗu zuwa takwas

Tsarin zuwa sau huɗu Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fito da shi a 2002, da nufin rage wa mata da asibitoci wahala: a zo kaɗan, amma kowane zuwa a yi aiki mai ma'ana. Daga baya da aka sake nazarin alƙaluman gwaje-gwajen da aka yi, sai aka ga inda aka rage zuwa awo, jariran da ke mutuwa a ciki ko a kwanakin farko sun ƙaru. Mata ma da yawa ba su gamsu da doguwar tazarar ba. Shi ya sa a watan Nuwamban 2016 hukumar ta sauya shawara zuwa haɗuwa takwas, ta ce hakan zai iya rage mutuwar jarirai har takwas a cikin kowace haihuwa dubu idan aka kwatanta da tsarin huɗu. Najeriya ta karɓi tsarin daga baya.

Jadawalin shi ne: haɗuwa ta farko kafin mako 12 ya wuce, sai mako 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Wanda ya lura zai ga biyar daga cikin takwas ɗin suna cikin wata ukun ƙarshe, kuma daga mako 34 tazarar ta koma mako bibbiyu. Ba a banza aka yi haka ba. A nan ne hawan jinin ciki ya fi tasowa, a nan ne ake gane jariri ya zo a gicciye ko ta ƙafa, a nan ne kuma wanda ba ya girma yadda ya kamata yake fara nuna alama. A tsohon tsarin, mace kan yi wata ɗaya da rabi a wannan lokaci ba wanda ya auna jininta.

Lissafin makonnin daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe yake farawa, cikakken ciki kuma mako 40 ne, wato kwana 280. Mai ƙirga da watan sama za ta ga ya kai wata tara da rabi, don haka shiga na goma ba abin tayar da hankali ba ne. Wadda ba ta riƙe ranar ba, hoton ciki da aka ɗauka kafin mako 24 shi ke daidaita lissafin, ya kuma nuna ko tagwaye ne. Hoton da aka ɗauka a wata na takwas ba ya iya wannan aikin da kyau.

Haɗuwa a wannan tsari ba lallai ta zama a babban asibiti ba. Idan ƙwararriyar ma'aikaciya ta auna jini, ta duba ciki, ta ba da magani a ƙaramin asibitin unguwa ko a zagayen da ake yi ƙauyuka, ta shiga lissafi. Zuwa a sa hannu a kati a dawo ba tare da an ɗaura abin awon jini a damtse ba, bai shiga ba.

Abin da ya kamata a fito da shi daga ɗakin awo

A zuwan farko akwai gwaje-gwajen da bai kamata a bari ba: yawan jini, rukunin jini, ƙanjamau, ciwon sanyi na tunjere, ciwon hanta nau'in B, da fitsari. Kowanne da dalilinsa. Tunjere allurar fenisilin ke kashe shi, amma idan ba a gano ba yana kashe jariri a ciki. Mai ƙanjamau da ta fara magani da wuri galibi takan haifi ɗa lafiyayye. Mai ciwon hanta jaririnta na bukatar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa. Rukunin jini kuwa, banda sanin wanda zai iya ba ta jini, yana nuna ko tana cikin matan da jininsu ke da alamar negetif. Irin wannan mace idan ta haifi ɗa mai fozitif tana bukatar wata allura cikin awa 72, in ba haka ba jikinta zai iya yaƙar jinin 'ya'yan da za su biyo baya. Labaran "tana haihuwa suna komawa" da ake jingina wa wabi, wasunsu daga nan suke.

A kowane zuwa kuma sai an auna hawan jini. Lambar da iyali za su riƙe ita ce 140 bisa 90. Idan ya kai nan ko ya wuce bayan mako 20, musamman da aka ga sinadarin furotin a fitsari, to matakin da ke gaban jijjiga ke nan. Mai cikin fari, yarinya ƙarama, wadda ta haura 35, mai tagwaye, mai ciwon suga, da wadda ta taɓa yi a cikin baya, su suka fi shiga haɗarin. Irin waɗannan likita kan ɗora su a kan ƙaramar asfirin mai miligiram 75 kullum, amma wannan ba abin da za a saya a kemis da ka ba ne.

Ƙwayoyin da ake karɓa a ajiye

Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi kafin ta haihu, kuma sinadarin ayon ake gina shi da shi. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mata masu ciki shida cikin goma suna da ƙarancin jini. Shawarar ita ce ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid miligiram 0.4 kowace rana har a haihu. Sabuwar ƙwayar da ake rabawa a wasu jihohi ta haɗa sinadarai 15, cikinsu da waɗannan biyun. Wadda aka ba ta ita ba ta bukatar haɗawa da tsofaffin sai in gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa, lokacin nan magani ake yi ba rigakafi ba.

Matsalar ba a karɓa take ba, a sha take. Ayon yana sa bayan gida ya yi baƙi, yana sa taurin ciki, wasu yana tayar musu da zuciya. Baƙin ba illa ba ne. Tashin zuciya yakan ragu idan aka mayar da sha zuwa dare ko bayan ɗan abinci. Shayi yana hana jiki tsotse ayon, don haka a raba su da awa ɗaya zuwa biyu. Lemo, goba ko tsamiya kuwa taimaka masa suke yi. Wadda aka ba ta kalsiyam kada ta haɗa shi da ayon lokaci guda, ɗaya da safe ɗaya da dare. Akwai kuma tsoron da ya yaɗu cewa maganin ƙarin jini yana sa ɗa ya yi ƙato har a kasa haihuwarsa. Cikin abubuwan da ke sa jariri ƙiba fiye da kima akwai ciwon suga da ba a gano ba. Ita kuwa mai ƙarancin jini, zubar da wata za ta jure ita sai ta kai ta ƙasa.

Folik asid aikinsa mafi girma a makonni huɗun farko yake, lokacin da lakar baya da ƙwaƙwalwa ke haɗuwa, kafin mace ta tabbatar ma ta yi ɓatan wata. Amarya ko wadda ta yaye take sa ran wani cikin, tun kafin ya shiga ya kamata ta fara.

Rigakafin zazzaɓin cizon sauro ƙwaya uku ce ta SP, wadda aka fi sani da Fansidar, a sha gaba ɗaya a gaban ma'aikaciya. Ana farawa daga mako 13, a maimaita bayan kowane wata har haihuwa, aƙalla sau uku. Ba a sha a wata ukun farko. Mai shan Septrin kullum saboda ƙanjamau ba ta sha. Folik asid mai miligiram 5, wanda ya cika kemis, yana rage masa ƙarfi. Dalilin nacewa a kansa shi ne ƙwayar maleriya tana iya taruwa a mabiyiya alhali matar ba ta jin zazzaɓi, sai dai jini ya ragu, jariri ya fito ƙanƙani. Gidan sauro mai magani kowane dare yana cika aikin. Idan zazzaɓi ya zo, a yi gwaji kafin a sha magani.

Allurar tetanus biyu ce a cikin farko, tsakaninsu mako huɗu, ta biyun aƙalla mako biyu kafin haihuwa. Biyar a tsawon rayuwa sun wadatar. Maganin tsutsar ciki sau ɗaya ne, bayan ciki ya wuce wata uku. Na ciwon jiki kuwa farasitamol ne; ibuprofen, diclofenac, tetracycline da haɗe-haɗen da masu talla ke ƙullawa a leda ba na mai ciki ba ne.

Tukunya, rijiya da azumi

Mai ciki ba abincin mutum biyu take bukata ba. A wata ukun farko kusan ba ƙari. Daga nan ƙarin bai wuce ƙaramin abinci ɗaya a rana ba. Abin da ake nema shi ne iri-iri. Tuwo da miyar kuka safe da dare suna cika ciki amma ba sa gina jini. Wake, awara, ƙwai, gyaɗa, ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, nono da aka tafasa kafin a kwantar, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, nama ko da tsoka biyu ce, su ne ke kawo bambanci, kuma yawancinsu ba su fi ƙarfin talaka ba. Inda gizo ke saƙa shi ne rabon. A gidan da ake fara cika kwanon maigida da na baƙi, sannan yara, mai ciki takan tashi da ƙanzo. Wannan ba likita ke gyara shi ba, mai rabon da mai cefane ne.

Hana ƙwai don kada ɗa ya yi sata, ko hana abin zaƙi gaba ɗaya don kada zaƙi ya tare naƙuda, ba su da tushe a likitance. Kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara kuwa sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini, a je a auna. Goro da shayi da kofi a rage. Jiƙe-jiƙen da ake sha a watan ƙarshe don sauƙin naƙuda, matsalarsu ba wanda ya san ƙarfinsu. Wanda ke matsa mahaifa kafin bakinta ya buɗe yana iya galabaitar da jariri ko ya fasa mahaifar.

Aiki bai haramta ga mai ciki ba, tafiya da hidimar gida marar nauyi ma amfani suke yi. Abin da za a ɗauke mata shi ne jan guga, ɗaukar jarka, dogon daka, da zama cikin hayaƙin itace a rufaffen madafi. Daga mako 28 ta riƙa kwanciya a gefe maimakon rigingine, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. A gidan da ke da kishiya ko facaloli, sauya ranar girki ko rage mata shi magana ce da maigida ko uwar miji kaɗai za su iya buɗewa ba tare da ta zama rigima ba. Ma'aikaciya kuma dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ta hutun mako 12, ma'aikatan tarayya mako 16, jihar Kaduna ta kai nata wata shida. Tun 2021 ma'aikatan tarayya maza ma suna da kwana 14.

Game da azumin Ramadan, shari'a ta yi wa mai ciki rangwame idan tana tsoron cutuwa a kanta ko abin da ke cikinta, kuma a mashhurin mazhabar Malikiyya ramuwa kawai za ta yi. Mai ciwon suga, hawan jini, sikila, ƙarancin jini, tagwaye ko laulayi mai yawan amai, likitoci ba sa ba ta shawarar yi. Wadda ta ɗauka ta ji jiri, fitsari ya yi duhu ya ragu, ko motsin ɗa ya yi sanyi, ta sha ruwa. Mata da yawa kunyar a gan su suna ci ce ke hana su, ba rashin sanin hukuncin ba. Kalma ɗaya daga miji ko malamin gida takan warware wannan.

Jinkiri uku, biyu a gida suke

Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 ya nuna mata kusan 260,000 suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kusan 75,000 daga cikinsu a Najeriya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Masana tun 1994 suke bayanin irin wannan mutuwa da jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar a tafi, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun laifin asibiti da gwamnati ne. Biyun farko a tsakar gida da bakin hanya suke faruwa.

Ga yadda yakan kasance. Mace ta sauka da ƙarfe ɗayan dare, mabiyiya ta ƙi fita, jini yana zuba. Ana canza zane ana cewa jinin biƙi ne, gara ya fita. Maigida yana ci-rani a Legas, wayarsa a kashe. Ƙaninsa ba ya son ya yi gaban kansa. Kafin a tashi baban gida, a nemo mai mota, a samo mai, a buga wa mai shago ƙofa a ranci kuɗi, an kira assalatu. Zubar jini bayan haihuwa kuwa tana iya kashewa cikin awa biyu. Ma'auninta rabin lita ne, cikin ledar fiya wata ɗaya. Ya kai haka, an shiga haɗari. Ido ba ya iya ƙiyasta shi, ko idon ma'aikaci. Wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya nuna a 2023 cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa tare da ba da magunguna gaba ɗaya da zarar jini ya kai iyaka ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ciki ya kai wata bakwai, gida na bukatar ya gama magana huɗu. Izini: maigida ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da wani namiji na gidan cewa duk lokacin da alama ta bayyana a tafi, ko yana nan ko ba ya nan. Asibiti: a san wanda ke aiki da dare, da kuma mafi kusa da ke yin tiyata da ƙarin jini, don ba kowanne ke yi ba. Mota: lambar direba biyu, ba ɗaya ba, a jihohin arewa da dama akwai direbobin ƙungiyar NURTW da aka horar don ɗaukar masu naƙuda, a tambaya a tasha. Jini: mutum biyu ko uku daga dangi da aka gwada rukuninsu tun da wuri, domin yawancin asibitoci sai an kawo mai bayarwa. Kuɗin kuma a ware su a hannun wadda za ta kwana a gidan, ba a asusun wanda ke tafiya ba.

Alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu: jini kowane iri a lokacin ciki; ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi; kumburin fuska da hannuwa; ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a saman ciki; zazzaɓi mai zafi; fashewar faya ba naƙuda; numfashi sama-sama; raguwar motsin ɗa; naƙudar da ta wuce awa 12. Jijjiga ita ce aka fi ɓata wa lokaci, domin ana ɗaukarta iska ce, a kawo garwashi da turare. A kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa cokali ko a ɗura ruwa a bakinta, a ɗauke ta. Maganinta allurar magnesiyam salfet ce da fitar da jariri. Addu'a ana yinta a cikin mota.

Doguwar naƙuda kuwa ita ke haifar da yoyon fitsari: kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi har naman ya mutu. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, ƙara ɓarna yake. Cibiyoyi irin na Babbar Ruga a Katsina da Jahun a Jigawa cike suke da matan da aka kwana biyu ana ce musu su yi haƙuri.

Kunya, goyon ciki da uwar miji

Al'adar ɓoye ciki har sai ya fito, musamman na fari, ita ce babban abin da ke karo da zuwan farko kafin mako 12. Ba sai an yi shela ba. Miji da mace ɗaya babba sun isa su sani. Kunyar da ke sa mai naƙudar fari ta danne ciwo ta ƙi kira ita ma tana cin awoyi masu tsada.

Goyon ciki yana da amfanin da likitoci ma suka yarda da shi: hutu, abinci, da uwa wadda 'yarta ba ta jin nauyin gaya mata komai. Illarsa tana zuwa ne idan gidan iyayen ya fi nisa da asibiti, ko aka bar katin awo a gidan miji, ko aka rasa wanda ke da ta cewa tsakanin gida biyu. Tafiya da kati, yin rajista a asibitin can a makon farko, da fayyace wanda zai biya, su ne gyaran.

Uwar miji da ke cewa ta haifi goma a ɗaki gaskiya ta faɗa. Mafi yawan haihuwa lafiya take zuwa. Sai dai kusan mace 15 cikin ɗari sukan gamu da matsalar da ke bukatar ƙwararru, kuma ba a iya nuna su tun da wuri ba. Wadda ta haifi biyar zuwa sama ma ta fi shiga haɗarin zubar jini fiye da mai na biyu. Shirye-shiryen da suka ci nasara ba su ture dattawan gida gefe ba. A Damagaram ta Nijar an fara makarantar mazaje wajen 2008 da tallafin asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta ke zama su tattauna awo da haihuwa a asibiti, daga baya tsarin ya bazu zuwa wasu jihohi da ƙasashe.

Tallafi kuma ba kuɗi da abinci kaɗai ba ne. Baƙin ciki mai daɗewa, rashin barci da yawan kuka a lokacin ciki ciwo ne da ake magani. Duka kuwa yana jawo ɓari, rabuwar mabiyiya da haihuwar bakwaini.

Inda masana suka rabu

Masu goyon bayan takwas suna cewa hawan jini ba ya sallama, yawan dubawa ne kaɗai ke kama shi. Masu ja suna nuna cewa a binciken 2018 mata 57 cikin ɗari ne suka kai ko huɗun, kuma ƙaramin asibiti mai ma'aikaciya ɗaya idan aka ninka masa layi, abin da zai ragu shi ne mintunan da kowace mace ke samu. A ganinsu gara huɗu masu kyau da takwas na sa hannu. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: zuwa da wuri da kuma zuwan watan ƙarshe su suka fi nauyi. Gidan da ba zai iya takwas ba, kada ya yanke waɗannan. Wata mafita da aka gwada a jihar Nasarawa ita ce awon rukuni, a tara mata masu ciki da watanninsu suka zo kusan ɗaya su riƙa zuwa tare, kuma an ga ƙaruwar masu dawowa da masu haihuwa a asibiti.

Kan ungozoma ma akwai saɓani. Wasu na ganin horar da ita yana ba haihuwar gida lasisi. Wasu na cewa a arewa maso yamma, inda binciken nan ya nuna ƙasa da mace ɗaya cikin biyar ke haihuwa a asibiti, ture ta ba zai kawo mata asibiti ba, gara ta zama mai rakiya da mai gane alama. Daga wannan tunani ne aka fara raba ƙwayar misoprostol guda uku don sha bayan haihuwar gida, da man chlorhexidine na cibiya. Sharaɗin misoprostol mai tsauri ne: sai jariri ya fito kuma an tabbatar babu na biyu. Shan ta, ko yin allurar naƙuda a gida, alhali ɗa yana ciki, yana fasa mahaifa.

Haka batun rakiyar miji. Tana ƙara fahimta da saurin yanke shawara, amma inda aka mai da ita sharaɗi ko aka fifita masu zuwa da miji a layi, matar ɗan ci-rani da bazawara mai ciki su ke cutuwa.

Tiyata kyauta da aljihun talaka

Sanarwar da ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya yi a 2024 tana cikin shirin rage mutuwar mata da ya fi mayar da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da abin ya fi tsanani. Ba kowace mace ba ce kuma ba kowane asibiti ba: marasa galihu ne, a asibitocin da aka tantance, ta hannun hukumar inshorar lafiya ta ƙasa. Don haka tambayar ko asibitin da aka zaɓa yana ciki, da takardun da ake nema, a ranar awo ake yinta ba ranar naƙuda ba. Nijar ta riga ta bi wannan hanya tun tsakiyar shekarun 2000, kuma abin da aka gani can shi ne idan gwamnati ta yi jinkirin biyan asibitoci, magani yakan yanke, iyali su koma saye a waje. Kuɗin mota, abincin mai jinya da neman jini kuwa, ko ina a wuyan iyali suke. Wadda aka taɓa yi wa aiki, duk haihuwar da za ta biyo baya a asibitin da ke tiyata za ta yi, kuma tazarar shekara biyu kafin wani cikin ta fi zama dole a kanta.

Bayan an sauka

Haɗari bai ƙare da kukan jariri ba. Kwana biyun farko su suka fi cin rai. Ana so mai jego ta yi awa 24 a asibiti, a sake dubata a kwana na uku, tsakanin na bakwai da na sha huɗu, da mako na shida. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya a shekarun 1970 sun danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da wankan tafasasshen ruwa, kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa mai yawa. Binciken baya-bayan nan a Kano da wasu garuruwa ya fi karkata ga rashin abinci mai gina jiki, ƙarancin sinadarin seleniyam da hawan jinin ciki. Ko wanne ya fi rinjaye, kanwa gishiri ce mai riƙe ruwa a jiki, wadda ta yi hawan jini a cikinta ba ta bukatarta, ruwan wanka kuma mai ɗumi ya isa. Mai jegon da ke haki idan ta kwanta, tana tari da dare, ƙafafunta sun kumbura, ba gajiyar biƙi ba ce. A kai ta a duba zuciyarta a ranar, ko da ana tsakiyar hidimar suna.